Abin da Ya Ci Likkafanin Hajja

Ranar wata Juma'a da hantsi, a tsakiyar daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, kakata Hajja Falmata ta kira ni in kama mata mu jawo adakarta daga ƙarƙashin gado. A unguwar Kwaciri muke a lokacin, cikin wani gida mai ƙuncin tsakar gida, inda ruwan indararo kan taru har mu yara mu samu wurin facal-facal. An kwana biyu rana ba ta leƙo ba, gindin bangon ɗakinta har ya yi gansakuka. Na bar carafken da nake yi a zaure ina ƙunƙuni, don na san aikin: a fito da zannuwa, a kifa kwando a kan kaskon turaren wuta, a turara su ɗaya bayan ɗaya. Asalinmu mutanen Barno ne, kuma Hajja za ta yafe miki ƙona miya amma ba za ta yafe miki wari ba. Muna ɗaga murfin sai wani wari ya buge mu, irin na tuwon da aka manta a kwano.

Daga can ƙasa warin yake fitowa, daga wani ƙunshi da aka naɗe cikin leda aka ɗaure tam. Kowa a gidan ya san abin da ke ciki, ba dai a faɗa ne. Likkafaninta ne. Farin alawayyo ne da ta tafi da shi aikin hajji, ta tsoma shi cikin ruwan Zamzam da hannunta ana gobe za su taso. Da ta dawo ta ƙi shanya shi a igiya. Ta ce ba za ta rataya likkafani a tsakar gida maƙwabta su shigo gaisuwar mutuwa tana zaune tana cin goro ba, kuma tana tsoron rana ta shanye albarkar ruwan. A cikin ɗaki ta baza shi ya sha iska, ta naɗe shi da sauran sanyinsa, ba ta ƙara kwance ledar ba.

Da ta kwance, sai ga farin ya yi ɗigo-ɗigon baƙi da kore, gashin fumfuna ya bi duk inda aka ninke. Ta kama gefe biyu za ta kakkaɓe, yadin ya rabu a hannunta ba tare da ko ƙarar yagewa ba. Ta ajiye shi a kan cinyarta tana kallo. Ni kuwa na tsaya riƙe da murfin adaka, tsoro da tausayi sun cika ni, na rasa inda zan sa idona.

Babana ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, yadi ba abin da zai gagare shi ba ne. Da yamma ya shigo da sabon alawayyo, ya ce za a nemi Zamzam wurin alhazai a yayyafa. Hajja ko kallon yadin ba ta yi ba. "Wancan ya je, ya ga abin da na gani," in ji ta. Duk mun san gwiwoyinta ba za su sake kai ta Makka ba, don ko banɗaki sai da sanda.

Sai muka shiga neman magani. Innata ta haɗa ni da maƙwabciyarmu Malama Ladi, wata Kirista 'yar Zariya mai koyar da kimiyya, muka keta taɓon Kasuwar Sabon Gari muna tambayar masu sayar da kafur da sabulu. A hanyar dawowa na matsa mata da tambaya, ta ce da ni, "Ummi, fumfuna abu ne mai rai. Auduga tsiro ce, ita kuma abincinta ke nan. Abin da ta riga ta ci ba ya dawowa." Ban yarda ba. Muka goga lemon tsami, muka sa dutsen guga, kuma duk inda muka taɓa sai hujin ya ƙara faɗi. A ƙarshe dole aka shanya shi a igiyar nan da ta ƙi tun farko. Mata suka riƙa leƙowa daga zaure suna tambaya a hankali ko lafiya, Hajja na zaune a kan tabarma tana amsa musu da kanta.

Da ta ga ba ci gaba, ta sa na kawo almakashi. Ta bi yadin da yatsa tana neman inda ya rage da ƙarfi, ta yanke wani ɗan yanki da bai wuce ɗankwali ba. Ta dube ni ta yi murmushi. "Ƙasa ce ta gaji da jirana, ta aiko a fara karɓar mata zanen." Na yi dariya don ta yi, sannan na shiga bayan randa na yi kuka. Da rani ta rasu. A yadin Baba aka suturta ta, wancan yankin kuma shi aka ɗaura mata a kai.

Yau a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, kuma fumfuna nake kiwo da gangan, a kan dusa da ƙaiƙayin shinkafa. Ina tace ruwanta, in sake tacewa, har in ware sinadarin da take fitarwa, wanda muke kira enzayim, in ga yadda yake narkar da zaren tsiro ya mai da shi sukari. Na san irin ɗumin da yake so, na san idan babu danshi ba ya iya komai. Na kuma san cewa wuni guda a rana ya isa ya ceci yadin nan, tun kafin a sa shi a leda. Duk lokacin da na jefa zaren auduga a kwalbar gwaji na ga ya fara sakin jiki, ƙamshin turaren Hajja nake ji. Na san sunan abin yanzu, amma wadda zan faɗa wa ba ta nan.