Haƙoran Ja'afaru

Ja'afaru bai iya zama wuri ɗaya ba. In ka gan shi a gonarsa da hantsi, a wani ƙauye yamma da Tsanyawa, to da la'asar yana bakin titi yana tambayar direbobi yadda gero ya kwana a Ɗanbatta. Shekarar da mai ya yi tashin da taki ya gagari talaka, rabin gonar ya noma. A daminar ce kuma matarsa Kulu ta rasu. Daga nan abin ya ƙaru: a tsaye yake cin tuwo, goro kuwa ba ya barin bakinsa, don yana danne masa yunwa.

Da shekara ta zagayo ya fara zuwa gaishe da Maijidda, wata bazawara mai ƙosai a bakin kasuwa. Ran nan ya yi dariya, ta dube shi ta ce, "Malam Ja'afaru, goron nan fa ya rine maka baki." Wasa take yi. Shi bai ji wasa ba.

Ya yi ta mita har 'yarsa Rahmatu, da ke aure a Ungogo, ta kawo masa buroshin haƙori mai caji daga shagon mijinta.

"Baba, sau biyu a rana. Kada ka danna, shi zai yi aikinsa."

"Na ji," in ji shi, ya riga ya miƙe.

Man goge baki ya yi masa tsada, sai ya daka gawayi da kanwa da gishiri. Bayan kowace alwala zai tsuguna a gindin darbejiya ya danna buroshin a haƙoransa har injin ya shaƙe. Duk kwana uku sai ya taka zuwa wajen mai cajin waya. Haƙoran suka yi haske, ya dinga duba su a madubin baburan mutane.

Wata huɗu ke nan, ya kurɓi ruwan randa, zugi ya sare shi har ƙwaƙwalwa. Rake ya gagare shi, ƙuli-ƙuli ma haka, a lokacin da abin da ka samu shi za ka ci. Ya yi ta zagaye tsakar gida da hannu a kunci, ya fita, ya dawo, ya sake fita.

A asibitin haƙori a Kano, likitar ta leƙa bakinsa ta daɗe.

"Baba, ba laifin buroshi ba ne. Gawayin da dannawar ne suka kankare farin rufin da ke kare haƙori. Shi kuwa in ya tafi ba ya dawowa."

"Ko da magani?"

"Zugin zai ragu. Abin da ya saura shi za mu tsare."

Bai iya jiran mota ta cika a tasha ba, ya kama hanya da ƙafa har sai da wata motar ta tsince shi. Kai tsaye wajen Maijidda ya sauka, ya gaya mata komai. Ta ajiye matsamin ƙosai ta ce ita wallahi ta manta ta taɓa faɗin haka.

Bayan kaka aka ɗaura musu aure. Yanzu ruwa mai ɗumi yake sha, ko da bazara. Masara kuwa sai ta dafa masa ta yi lugub, in yaran maƙwabta na gasa tasu yakan tashi ya bar wajen.