Ranar da Aka Ɓoye 'Yan Layin Baya

Duk sanda aka yi ruwa a Agege kwata ta tumbatsa, warin nan yakan mayar da ni aji huɗu na firamare, kuma ba da son raina nake komawa ba.

Makarantarmu tana bayan layin dogo, idan jirgi ya zo wucewa sai an dakata da karatu. Malamin ajinmu Bahaushe ne ɗan'uwanmu, mai takardar shaidar koyarwa, kullum takalminsa na sheƙi. Aƙidarsa ɗaya ce, kuma ba ya ɓoye ta: wai da basirarsa ake haihuwar yaro, aikin malami tankaɗe ne kawai. Don haka ya raba mu layi uku. Na gaba "masu kai", na tsakiya "a lallaɓa", na baya kuwa "'yan dako" yake kiran su, a gaban kowa.

Da damina aka kawo ɗan kawuna daga ƙauye, ba Turanci ba Yarbanci. Malam bai yi masa tambaya ko ɗaya ba. Fason ƙafarsa ya kalla, ya nuna masa layin baya. Yaron nan kuwa yana son karatu kamar me. In mun koma gida sai ya tsare ni a bakin murhu in maimaita masa darasi, domin daga mazauninsa allon ma ba ya ganuwa.

Sai aka ce masu duba makarantu za su zo. Muka yi ta haddar darasi ɗaya har ya gundure mu. Malam ya ce in an yi tambaya kowa ya ɗaga hannu: wanda ya sani dama, wanda bai sani ba hagu. Ranar da safe ya kwashe 'yan layin baya, ya kai su bayan masai, ya ce su tsuguna har baƙi su tafi.

Ruwa ya sauko. Muna ciki muna rera amsa, baƙi na gyaɗa kai, har suka yaba masa. Da aka tashi na tarar da ɗan kawuna jiƙe sharkaf, ƙazantar da ta malalo ta kai idon sawunsa, ya cusa littafinsa cikin riga ya rungume.

Washegari kakarmu, mai sayar da ƙosai a bakin titi, ta bar kaskonta ta je makaranta.

"Malam, jikana ka ajiye a bakin masai?"

"Hajiya, ba kowane icce ake sassaƙa turmi da shi ba."

"Ka taɓa sa masa gizago ka gani?"

Ya yi murmushi ya duba agogonsa. Ta tofar da yawu a gefen takalminsa ta juyo.

Ɗan kawuna bai sake komawa ba. Aka yi lallashi, aka yi duka, ya ƙi. Daga baya ya bi wani direba Apapa ya zama yaron mota.

Yau ni ce nake koyar da masu shirin zama malamai. Sun iya rubuta cewa kowane yaro da baiwarsa, malami jagora ne ba alƙali ba. In na ba su wannan labari, wasu sukan sunkuyar da kai, amma ba a rasa mai tambaya, "Malama, zai fito a jarrabawa?" Irin su ne in sun je gwajin koyarwa kwana biyu ya ishe su su gane yaron da za su daina kallo.

Ɗan kawuna tanka yake tuƙawa yanzu, 'ya'yansa duka suna makaranta. In yana gari shi yake raka autarsa da safe. Amma daga tsallaken titi yake sakin hannunta, ya tsaya har ta shige. Ƙofar dai ba ya ƙetare ta.