Mai Tsuntsayen Ƙarfe

Da hantsi Baba Walda yake buɗe shagonsa, ya share ƙofa, ya rataya rediyo a ƙusa, sannan ya tsuguna gaban tulin ƙarafen da wasu suka zubar. Guntun falle, hinjin tsohuwar ƙofa, sifirin na gadon da ya mutu, duk sai ya jujjuya su a hannu yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Da waldar ƙofofi da tagogi yake ciyar da gidansa. Mu kuwa 'yan filin harbi da bindigar iska, da tsuntsayensa muka san shi.

Tsuntsayen ƙarfe ne jere a kan katako. Ka sami ɗaya a ƙirji, ya kifa baya. Ka ja igiya daga inda kake zaune, su miƙe gaba ɗaya. Kafin ya ƙera mana su gwangwanaye muke jerawa, wanda ya kayar ya taka ya je ya tsayar, alhali na kusa da shi yana riƙe da bindiga. Sau ɗaya Baba Walda ya ga haka ya ce, "Ku wata rana sai kun tsiyaye wa wani ido." Ya koma shago ya hau ƙera mana tsuntsayen. Da ya kawo su, har ya ɗan sunkuyar da fuskar kowane tsuntsu, don harsashi in ya bugu ya nufi ƙasa. Tun daga nan babu wanda ya sake shiga gaban bindiga a filinmu.

Amma abin da ya sa muka fi jinjina masa shi ne zancen Direba.

Direba amininsa ne tun suna samari, tsohon matuƙin babbar mota, kuma a zamaninsa babu mai saiti kamarsa a filin. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya tashi, alhamdulillahi, amma hannun hagu ya ƙi, na daman ma rawa yake. Ya shige ɗaki ya daina ganin kowa. Baba Walda ya yi ta sintiri gidan yana tsokanarsa, yau ya ce tsuntsaye sun yi ƙiba don babu mai damunsu, gobe ya ce ashe saitin nasa baki ne kawai. Da ƙyar 'yar Direba ta lallaɓo shi filin, aka ɗora masa bindiga a kan buhun yashi. Baba Walda ya san abu ɗaya: in mutumin nan ya sake komawa ɗaki, ba zai ƙara fitowa ba.

To, a bayan kowane tsuntsu akwai noti. In an ɗaure shi, sai harbi ya sami tsakiyar ƙirji tsuntsun zai faɗi. In an sassauta, ko gefen fiffike aka shafa ya tafi. Tausayi ya ci Baba Walda, ya zagaya da sufana ya sassauta na layin abokinsa, bai gaya wa kowa ba.

Direba ya harba, tsuntsu ya kifa. Ya sake, wani ya kifa. Fili ya kaure da tafi. Shi kuwa bai yi ko murmushi ba. Ya ajiye bindigar a hankali ya juyo.

"Kai tsoho, zo nan. Wanda ya sami ƙirji ƙararsa daban ce. Waɗannan naka ko tari na yi faɗuwa za su yi."

"Haba mutumina, hannunka ne ya dawo."

"Hannuna ne ya mutu, ba kunnena ba." Ya dubi 'yarsa. "Mai da ni gida."

Wayyo, ranar Baba Walda ko abinci bai iya ci ba. Ya zauna a tsakar gida da sufanar a aljihu, ya zayyana wa matarsa komai. Ta ce, "Malam, likita ya tausaya masa, 'ya'yansa sun tausaya masa, har maƙwabta. Kai kaɗai ka rage mai yi masa gardama, kai ma ka bi sahu." Maganar ta soke shi, don gaskiya ce.

Washegari ya ɗauki katakon tsuntsayen a kafaɗa har ɗakin Direba, ya dire a gabansa, ya miƙa masa sufana.

"Na yi kuskure, ka yafe ni. Ga shi, ɗaure da kanka yadda kake so."

Direba ya daɗe yana hararsa. Can ya karɓa, Baba Walda ya riƙe masa katakon, shi kuma ya yi ta murɗawa da hannu ɗaya har gumi ya karyo masa. Da ya gama ya ce, "Ka sake taɓa su, ni da kai har abada."

Ya dawo filin. Ranar farko bai kayar da ko ɗaya ba, haka ta biyu, haka aka yi ta tafiya har muka fara sunkuyar da kai in ya ɗauki bindiga. Baba Walda yana zaune gefensa, zuciyarsa na ƙuna, bakinsa kuwa bai fasa ba: "Wannan ai katanga ka harba, me ta yi maka?" Direba ya rama, su yi ta cacar baki kamar yara, kuma ranar harbi ta gaba sai ga shi ya riga kowa zuwa.

Wata la'asar muka ji ƙarar nan mai kauri, tsuntsun tsakiya ya kifa. Babu wanda ya yi tafi. Direba bai dubi tsuntsun ba, abokinsa ya duba. Baba Walda ya ɗaga hannuwansa biyu sama, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Wallahi ban taɓa ba."

"Na sani," in ji Direba. "Na ji."

Baba Walda, yanzu da idonka ya gaji da hasken walda har ka sallama shago, ga tamu jinjinar. Kai ne ka tsare mana idanunmu da ƙarfen bola. Kai ne ka yi kuskure don ƙauna, ka kuma ɗauko shi a kafaɗa ka kai har gida ka gyara. Mun gode, gwanin ƙarfe, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara maka lafiya. Ku kuma masu aboki da ciwo ya kayar, ku yi koyi da shi: ku zauna kusa, ku bar shi ya yi abinsa da kansa, ko zai daɗe.

Ranar da ake kwashe kayan shagon, Direba ya zo yana dogara sanda, ya tare ƙofa ya hana a fitar da injin waldar.

"Ba inda za shi tukuna," ya ce. "Waɗancan tsuntsayen sun yi mini girma. Ka ƙera mini ƙanana."