Madobiyar Kawu Bawa

Duk wanda ya san Kawu Bawa na Rikoto ya san ba ya wuce itace bai faɗi sunansa da danginsa ba. Tsohon malamin daji ne. Ya yi ritaya, amma bakinsa bai yi ba.

A gonarsa ta hanyar Bena akwai itatuwa biyu masu fure ruwan ɗorawa, madobiya da marga. Ka kuskura ka ce iri ɗaya ne, ka shiga uku!

"Dangi ɗaya, gida daban," in ji shi. "Su biyun dangin wake ne. Sai dai marga ta cika daji kamar 'yan acaɓa, madobiya kuwa kafintoci sun kusa ganin bayanta."

Inna Rahila matarsa ta ce, "Tunda dangin wake ne, ɗebo min in yi alala." Kwana biyu yana fushi da tuwonta. A gidanmu yake ci, yana yabon uwata. Tuwon Inna Rahilar ne fa, ta ƙofar baya ake kawowa!

Da fasto ya zo roƙon madobiyar don a yi wa coci bencina, cewa ya yi, "Baba, aikin Allah ne."

"Ita ma aikin Allah ce, ta kuma girmi bencin."

Wata Lahadi muna fitowa daga coci, maƙwabci ya ce masu injin yanka sun kayar da itacen nan mai fure. Nan take Kawu ya ce in kai shi. Na goya shi a babur har gonar. Muna isa ya dira, ya tsinko ganyen, ya murza, sai ya zauna daɓas a ƙasa, dariya da hawaye tare.

"Marga ce, Yohanna! Marga suka sare!"

Mai injin ya matso yana sosa ƙeya. "Baba, yi haƙuri, mun ɗauka daji ne. To wacce ce madobiyar?"

"Ai ta ƙare, ɗana. Ko ɗaya babu a ƙasar nan."

Yana faɗin haka yana jingine da ita, littafin waƙoƙin coci a hammatarsa.

Mun yi rashi, jama'a. Ubangiji ya yafe masa wannan 'yar ƙaryar, ya ba shi hutu mai sanyi, ya riƙa mana Inna Rahila. Amin.