Eilif Ya Ajiye Wuƙa

A kwarinsu babu wanda bai san dokokin Eilif Brattbakk guda biyu ba, don shi da kansa yake maimaita su ko ba a tambaye shi ba. Ta farko, abin da bai tsiro a kwarin ba ba ya shiga tukunyarsa. Ta biyu, ba ya cin naman dabbar da ba shi ya yanka da hannunsa ba. Cewa yake wanda ba zai iya kallon idon rago ba, bai cancanci romonsa ba.

Shekara arba'in yana riƙe da ƙaramin gidan abinci mai tebur shida, kusa da gadar kogi. Dankali da kabeji daga bayan gida, kifi daga tafki, tumaki kuwa suna kan dutse duk bazara, sai sanyi ya ƙarato a sauko da su. Matarsa Gunvor ce kaɗai ke iya taɓa shi. Kullum da safe in ya ɗaga kofinsa sai ta ce, "Eilif, wannan kofin a wace gonar kwarin nan aka shuka shi?"

"Kofi ba abinci ba ne," in ji shi, "magani ne."

Da ya kai saba'in da tara hannunsa ya fara rawa. Ranar yanka ya shiga garke, ya daɗe yana shafa wuyan wani rago, can ya fito ya miƙa wa maƙwabcinsa Oddvar wuƙar. Ya ce ba zai wahalar da dabba ba don kawai a ce har yanzu da sauransa. Oddvar ya yi aikin. Da aka kawo nama da kabeji yana tururi, Eilif ya haɗiye yawu ya tura kwanon gefe. Gunvor ta jawo shi gabanta ta cinye, har da siɗe cokali, tana ta yaba gwanintar Oddvar.

Labari ya kai birni wurin jikarsu Tuva, wadda ta yi shekara goma ba ta sa nama a baki ba. Ta zo da murnarta da ƙunshin wake.

"Kaka, ashe ka dawo hanya!"

"Ban shiga ƙungiyarku ba, 'yar nan, ritaya na yi. Wannan waken kuma daga ina?"

Ta duba rubutun jikin ledar. Ashe sai da ya ƙetare teku biyu. Daren nan dankali suka ci su biyun, kowa na ganin shi ne mai gaskiya.

Yanzu yana da tamanin da huɗu, kuma har gobe shi ke dafa naman bikin saukowar tumaki. Sai dai tunda ba ya ɗanɗanawa, da hanci yake auna gishiri, hancin kuwa ya tsufa. Mutane kan ci suna kwankwaɗar ruwa, ba mai iya gaya masa gishiri ya yi yawa. Bara ya tsaya a kan Oddvar yana goge hannu, ya ce, "Yaya ka ji shi?"

Oddvar ya ajiye kofin ruwansa na huɗu, ya share ido.

"Eilif, irin wannan naman ba ya lalacewa."