Telo Peguero, Wanda Ya Ƙi Tashi Daga Kan Akwati

Da asubahin Alhamis, sha shida ga Janairu, Allah ya karɓi ran Eleuterio Peguero, mai gyaran takalma, wanda duk unguwar Villa Juana ta Santo Domingo ke kira Telo. Na zauna in rubuta maka ta'aziyya, Telo, sai na tarar faɗa nake son yi maka, don har yanzu ban huce ba.

Shekara talatin da ɗaya muna kallon besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, tare a talabijin ɗin shagon Doña Ramona, ban taɓa jin koci ɗaya ya burge ka ba. In ya cire mai jifa ka ce ya yi garaje, in ya bar shi ka ce makaho ne. Ɗan wasan da ka tsine wa ranar Talata, ranar Laraba ka ce tun yana rarrafe ka san zai yi suna. Amma rabin safar kamun ƙwallon unguwar nan kai ka ɗinke ta kyauta. Da matata ta kwanta asibiti, kullum kai ke kawo mini shinkafa da wake, ka tsaya a ƙofa kana ba ni labarin yadda aka zubar da wasan jiya, ko na tambaya ko ban tambaya ba.

Ƙa'idarmu kowa ya san ta: muddin ƙungiyarmu na ci a jere, ba mai canja riga, ba mai canja mazauni. Naka mazaunin akwatin kwalabe ne, gefen firji. Bana muka ci wasa shida a jere, abin da muka daɗe ba mu gani ba. Sai likita ya sa maka ranar Litinin don aikin zuciya, ya ce kada a ƙara kwana.

Ranar Lahadi 'yarka Yudelka ta same mu a shagon da jakar kayanka.

"Baba, tashi mu je asibiti a ba ka gado. Akwatin ne ke buga musu ƙwallon?"

Ka ce, "Ke me kika sani? Ranar bikinki na tashi daga nan, aka yi mana takwas da nema."

Ta juyo gare ni. "Kawu Fausto, maganarka yake ji. Don Allah gaya masa."

Ni kuwa, da rigata mai kwana tara a jiki, na ce, "Ƙyale shi, 'yata. Ranar da aka ci mu, ni da kaina zan kai shi."

Ranar Laraba aka lallasa mu, ta sanadin mai jifanmu da kake rantsuwa da shi. Ka miƙe kana tsaki, ka ce, "Gobe ka zo da wuri, mutumina. Gara wuƙar likita da kallon waɗannan ragwaye." Ƙarfe bakwai na iso da tasi, na tarar da ƙofarka a buɗe, mata na kuka.

Ina jin haushin taurin kanka, Telo, amma haushin kaina ya fi.

Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka gardamarka, ya saka maka alherinka da hutu. Ya ba Doña Celeste, matarka, da jikoki da dukan dangi juriyar wannan rashi. Ke kuma Yudelka, Allah ya sanyaya miki zuciya. Abu ɗaya kika roƙe ni a gaban mutane, na zaɓi wasa. Ba zan ce ki yafe mini yanzu ba.