Tabarmar Sallar Kakana

A ƙauyenmu, can gaba da Waca, gidajen Kirista kaɗan ne ƙwarai, namu kuwa katanga ɗaya ce ta raba shi da na kakana, mahaifin babana, wanda shi Musulmi ne na gidi. Babana ya zama Kirista tun yana saurayi, a wajen ci rani. Da ya dawo ya faɗa, Kaka bai kore shi ba, bai zage shi ba, har gona ya yanka masa. Abu ɗaya ya hana shi: tun daga ranar bai ƙara sa masa albarka ba.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce ai wannan ba wani abu ba ne. Ni na ga yadda abin yake cin babana. Ƙannensa su kawo wa tsoho ɗan goro, ya yi ta zuba musu addu'a. Babana ya ɗauko damin gero na farko daga gonarsa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, abin da zai samu kawai shi ne a ce ya ajiye can.

Fasto daga Magariya yake zuwa mana a kan babur, shi ma sai jifa-jifa, saboda haka babana ne ke koyar da mu yara ranar Lahadi a wata rumfar zana. Wata rana darasin ya zo kan umarnin Allah cewa ɗa ya ga girman iyayensa, ya yi musu biyayya. Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ya fi ni girma, innata ta sha faɗa. Na ɗaga hannu kamar a lakwal, makarantar boko, na ce to idan uban ne ba ya amsa gaisuwa da kyau fa? Kowa cikin yaran ya san inda na dosa. Babana ya ce girmama iyaye ba ciniki ba ne da za ka jira a biya ka, Allah ne ya sa, kuma bai ware iyayen da ba addininku ɗaya ba. Ni dai ban gamsu ba. Haushin Kaka nake ji, tausayin babana kuma ya cika ni.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ni Kaka ji yake da ni. Amaryarsa yake kirana, yadda kakanni ke wasa da jikoki. Ya ce tuwona ko kare ba zai ci ba, ni kuma in ce wa zai auri tsohon da ba haƙora. A bakina babu abin da ba ya ɗauka.

Ana nan idanunsa suka fara dushewa. Aka kai shi likita a Magariya, aka dawo da magani, amma gani ya ci gaba da tafiya har ya ƙare. Kakata ta riga ta rasu, ƙannen babana kuwa da an gama girbi sai su bazama, wannan Libiya, wancan Kano, sai dai a ji muryarsu a waya. Wata la'asar babana ya leƙa gidan ya tarar da tsoho yana salla ya fuskanci rumbu, wato kudu sak, wasu yara a bakin zaure suna ƙunshe dariya. Bai kori yaran ba. Ya jira har Kaka ya sallame, ya matsa ya gaya masa a hankali cewa tabarmar ta karkace. Ya gyara ta, ya kama kafaɗunsa ya juya shi gabas. Kaka ya sake sallarsa.

Daga nan abin ya zama aikin babana. Ko yana bakin aiki, da ya ji kiran salla sai ya ajiye, ya cika buta, lokacin sanyi ya ɗumama ruwan, ya tsai da mahaifinsa daidai. Ranar Juma'a ya ɗora shi a amalanke zuwa masallaci, ya miƙa shi ga wani maƙwabci, shi ya zauna a inuwa da san da ke jan amalanken har a idar. Magana kuwa ya sha ta ta ko'ina. Mutanen masallaci na tsokanarsa wai saura ƙiris ya shigo sahu. Wani dattijo a cikinmu Kiristoci ya ja shi gefe ya ce ya yi hattara, kada ya wayi gari ya koma. Babana ya ce shi ya san inda yake tsaye, ubansa ne bai san inda gabas take ba. Duk wannan hidima, Kaka iyakarsa ya ce to, ko madalla. Ni dai na gaji da jira, babana ne bai gaji ba.

Wata Lahadi fasto ya zo, wa'azi ya yi tsawo har rana ta karkata. Da aka kira azahar babana ya miƙe ya fita a tsakiyar sujada, wato ibadarmu, ana kallonsa, ni ma na bi bayansa. Muka tarar da Kaka zaune a ƙofar ɗaki. Matar maƙwabcinmu ta ce ta turo a taimaka masa, ya ƙi, wai akwai mai yi masa. Babana ya zuba masa ruwa, ya tsai da shi, ya koma gefe ya tsuguna.

Da Kaka ya shafa addu'a sai ya ce, "Amarya, kina nan?"

Na ce ina nan.

Ya ce, "Ki ce wa ubanki Allah ya yi masa albarka."

Babana ɗan fari ne, na kuma san iyaye na jin kunyar ɗan fari, ko sunansa ba sa kamawa. Amma ranar ban ga zan ɗauki wannan aike ba. Na ce, "Kai tsoho, ga shi nan kusa da kai. Ni ba 'yar aikenka ba ce, faɗa masa da bakinka."

A raina na ce shi ke nan, bakina ya ɓata wa babana abin da ya shekara da shekaru yana nema. Can sai Kaka ya miƙa hannu yana lalube a iska. Babana ya ja gwiwa ya matso, ya cire hula, ya sunkuyar da kai har ya kai shi ƙarƙashin tafin hannun.

Kaka ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Babana, da furfura a gemunsa, ya bar kansa a sunkuye ƙarƙashin hannun. Ni na amsa masa amin.